Me ya haɗa kare mai cafe faifai da kurame?

Tambaya: Ni direban tasi ne a Leeds. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Baturiya da muke mutunci da ita, ta kawo min takarda wai in sa hannu in yi alƙawarin fam 10. Jikanta ne zai shiga gasar jefa wa karnuka faifan roba a wani fili, kuɗin da aka tara kuma za a ba ƙungiyar da ke horar da karnuka domin kurame. Na san karen makafi, amma me kare zai yi wa kurma? Me ya haɗa wasan banza da taimako? Ba gara a saya musu na'urar kunne ba? Na ji nauyin ce mata a'a, amma ba na son zuba kuɗina a shirme.

Amsa: Malam, ka sa hannu ka ba ta fam goman nan. In kuma ranar ba ka kan sitiyari, ka biya ta filin ka kashe ƙwarƙwatar idonka. Amma tunda ka ce ba ka son shirme, bari in warware maka zare da abawa, don akwai inda shakkarka ke da tushe, akwai kuma inda ba ta da shi.

Ni likitan dabbobi ne. A Zariya na yi karatu, na kuma kwana biyu ina aiki a nan Ingila. Irin wannan taro ya sha fitar da ni ranar Asabar a matsayin likitan ko-ta-kwana: a ba ni rumfa da kujera da shayin da ya riga ya huce, in zauna ina jiran karen da zai gurɗe ko zafi ya kayar. Wasu daga cikin karnukan kuramen kuma a kan teburina ake yi musu allurar rigakafi, don haka na ga abin ta fuska biyu.

Karen makaho aron ido ne, na kurma aron kunne. Da baki kawai ba za ka gane ba, ni ma sai da na gani. Wata Laraba da safe wata tsohuwar malamar makaranta ta kawo min karenta, ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, irin da ake kira Cocker Spaniel. Matar ba ta ji ko kaɗan sai da na'ura, leɓe take karantawa, kuma gashin bakina na ba ta wahala ƙwarai. A ranar ne ake gwada ƙararrawar gobara ta ginin, ni kuma na sha'afa ban faɗa mata ba. Ƙararrawar na ɓarkewa, karen da ke kwance a ƙarƙashin kujera ya miƙe zumbur, ya zungure ta da hanci a gwiwa, da ƙarfi, har sau biyu. Ta dube shi, ta buɗe tafukan hannunta biyu, alamar "mene ne?" Shi kuwa sai ya zube ƙasa, ya kwanta shame-shame yana kallon fuskarta. Kafin in buɗe baki ta riga ta rataya jakarta ta nufi ƙofa. Sai da na rubuta mata a takarda cewa gwaji ne. Duk da haka ta zaro ɗan abin tanɗe-tanɗe daga aljihu ta ba shi, don shi dai ya yi aikinsa.

Ka lura da wannan kwanciyar, don ita ce hikimar abin. Idan ƙararrawar ƙofa ce, ko agogon girki, ko kukan jariri, kare zai zungure ka, in ka tambaye shi ya ja ka zuwa inda sautin yake. Idan agogon tashi ne da asuba, zai ɗora ƙafafunsa a kan gado har ka farka. Amma in ƙararrawar hayaƙi ce ko ta gobara, an koya masa kada ya kai ka ko'ina, don ba a so ya ja mutum cikin wuta. Zai kwanta ne kawai, kwanciyar kuma ma'anarta ɗaya: haɗari, fita. Akwai ma aike. Miji na ƙasa, matarsa kurma na bene, maimakon ya yi ta ƙwala kiran da ba za a ji ba, sai ya tura kare ya zo da ita.

Batun na'urar kunne da ka kawo, ai a nan ƙasar ba ita ce matsalar ba. Hukumar lafiya ta NHS kyauta take bayar da ita, kuma kusan duk mai irin wannan kare yana da ita, ko ma wadda ake dasawa ta hanyar tiyata. Sai dai na'ura ƙara ƙarfin abin da ya rage take yi, in ba abin da ya rage, ba abin da za ta ƙara. Sannan cire ta ake yi in za a kwanta ko za a shiga wanka. To daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba, mutum na kwance shi kaɗai a gida, ko gini zai rushe ba zai sani ba. Ƙararrawar hayaƙi ta gidaje ma da siririyar murya take kuka, wajen girgiza 3,000 a daƙiƙa, siraran sautuka kuwa su ne kunne ke fara rasawa idan shekaru suka ja ko ƙarar inji ta cinye shi. Na sha jin kurame na cewa kafin su sami kare ba sa barcin kirki, ido ɗaya a buɗe suke kwana.

In yi maka adalci, akwai wasu dabarun da suka fi kare araha nesa ba kusa ba: fitilar da ke walƙiya in an danna ƙararrawa, abin da ake sawa ƙarƙashin matashi ya girgiza in hayaƙi ya tashi, agogon hannu mai motsi. Mutane da yawa waɗannan sun ishe su, kuma wanda ba ya son dabba ko ba zai iya fita da ita yawo kullum ba, ba a ba shi kare, bai ma kamata a ba shi ba. Amma fitilar gida ba ta bin ka otal ko kanti. Kuma akwai abin da babu na'urar da ke yi. Kurumta lalura ce da ba a gani. Makaho a gida da sandarsa da ɗan jagora, kowa ya hango shi zai kauce. Kurma kuwa ka yi masa sallama daga baya, ya yi shiru, ka tafi kana cewa girman kai gare shi. A nan ma haka ne: mai kanti ya yi magana ba a amsa ba, ya tsuke fuska. 'Yar falmaran mai launin zoɓo da karen ke sawa ita ke sanar da jama'a cewa wannan mutumin ba ya ji, sai ka ga an juyo an fuskance shi, an yi magana a hankali. Masu bincike a Jami'ar York sun bi diddigin waɗanda aka ba karnukan, suka gwada su da waɗanda ke jiran layi, sakamakon da suka fitar a 2021 kuma ya nuna masu karen sun fi samun kwanciyar hankali, kaɗaici ya ragu, dogaro da wasu ma ya ragu.

Ƙungiyar da maƙwabciyarka ke nufi, in ka duba takardar, mai yiwuwa Hearing Dogs for Deaf People ce, don ita ce babba a wannan fanni a Birtaniya. A 1982 aka ƙaddamar da ita a bikin baje kolin karnuka na Crufts. Wani likitan dabbobi, Bruce Fogle, da Lady Beatrice Wright, wadda ke cikin shugabannin ƙungiyar kurame ta RNID a lokacin, su ne suka kafa ta. Amurka ta riga su kafa irin waɗannan ƙungiyoyi: wadda ake kira NEADS ta fara a jihar Massachusetts a 1976, Dogs for the Deaf kuma a Oregon a 1977, wadda yanzu ake kira Dogs for Better Lives. Karen farko da ƙungiyar Birtaniya ta horar, mai suna Favour, daga gidan karnukan da aka yasar aka ɗauko shi. Gimbiya Anne ce uwar ƙungiyar tun 1992. Hedikwatarta na Saunderton a Buckinghamshire, daga baya ta buɗe wata cibiyar a Bielby, nan Yorkshire kusa da ku. Yanzu yawanci ita ke kiwon karnukanta da kanta, galibi iri huɗu: Labrador, Cocker Spaniel, ƙaramin Poodle, da ruwa-biyun Cocker da Poodle. Wanda aka ba kare ba ya biyan kuɗinsa, kuma har yara kurame ana ba su.

Yanzu ga inda faifai ya shigo. Kunnen ɗan'adam iyakarsa girgiza 20,000 a daƙiƙa, na kare ya ninka haka har da ɗoriya. Amma ba wannan ake saye da horon kusan shekara biyu ba, don kowane karen unguwa yana jin ƙararrawa. Abin da ake nema shi ne kare ya ji, ya bar abin da yake yi, ko barci ne ko ƙashi yake gwagwiya, ya zo ya faɗa. Ka yi tunani a kai: karen makaho umarni ake ba shi, gaba, dama, tsaya. Kurma kuwa ba zai iya ba da umarni a kan abin da bai ji ba. Dole kare ne zai fara magana, a kan ra'ayin kansa, ƙarfe uku na dare, babu mai kallonsa. Karen da aka horar da bulala ba zai taɓa yin haka ba, zai lafe ne ya jira a ce masa. Shi ya sa gaba ɗaya horon wasa ne. Ana fara wa kwikwiyo da agogon girki: in ya yi ƙara, ga ɗan nama a gefensa. Daga nan a koya masa sai ya taɓa mutum da hanci kafin ya samu. Sannu a hankali a nisanta agogon, zuwa wani ɗaki, zuwa bene, har ƙarar ta zame masa busharar cewa wasa ya fara: je ka, dawo, ja mutum, karɓi lada. Karen da ke bin faifai ma abin da yake yi ke nan. Ya zura da gudu, ya cafe, ya juyo ya danƙa a hannun mai shi, yana rawar jiki a sake. Babu wanda ya tilasta shi. Ɗabi'a ɗaya ce, a fili ake tafa mata, a cikin gida take ceton rai. Don haka kalmar "wasan banza" da ka yi, rabinta ne daidai.

Sai dai kada ka je da zaton karnukan da za ka ga suna tashi sama su ne na kuramen. Gwanayen faifai galibi karnukan kiwon tumaki ne, Border Collie da Australian Shepherd da ire-irensu, masu wuta a jiki, waɗanda in ba a gajiyar da su ba sai su cinye maka kujera. Irin wannan ba zai kwanta awa uku ƙarƙashin tebur a ofis ko a ɗakin jiran likita ba. Karen kurma tsaka-tsaki ake so: mai kuzarin da zai zabura in ya ji sauti, mai sanyin da zai yi barci a cikin bas. A filin za ka same shi ne a gefe, kusa da rumfar ƙungiya, a kwance da falmaransa, faifai na shawagi a kansa bai ko motsa ba. Ni a wajena wannan kwanciyar ta fi kowane tsalle wuyar koyarwa.

Shi wasan kansa ɗan Amurka ne, kuma da karya doka ya shahara. Faifan dai kamfanin Wham-O ne ya sayi ƙirarsa daga Walter Frederick Morrison a 1957, ya raɗa masa suna Frisbee. Mutane na jefa wa karnukansu a lambu ba wanda ya damu, sai ranar 5 ga Agusta 1974. A ranar ƙungiyoyin besbol na Dodgers da Cincinnati Reds na karawa a Los Angeles, ana nunawa kai tsaye a talabijin, sai wani ɗalibi ɗan shekara 19 daga Ohio, Alex Stein, ya tsallake shinge da karensa Ashley. Karen irin Whippet ne, siriri mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, in ka gan shi sai ka tuna karnukan mafarautanmu. Stein ya shiga jifa, kare na gudun da aka ƙiyasta mil 35 a awa, yana tashi sama ƙafa tara yana cafewa. Kusan minti takwas aka tsayar da wasa ana kallo kafin a fitar da shi, 'yan sanda suka kama shi, aka ci shi tarar dala 250. Shekara na zagayowa, a 1975, aka fara gasar duniya ta karnukan faifai, Ashley ya lashe uku na farko a jere. A 1977 har Fadar White House aka kai shi ya yi wa Amy, 'yar Shugaba Carter, wasa. Gasar da ke ɗauke da sunansa tana nan har yau, ga kuma wasu irin su Skyhoundz da suka biyo baya, wasan ya bazu zuwa Turai da Japan.

Abin da jikan maƙwabciyarka zai shiga, kusan tabbas, shi ne mafi sauƙi: jefa-ka-kawo. Faifai ɗaya, yawanci minti ɗaya. An ja layuka a fili, iya nisan inda kare ya cafe iya yawan maki, akwai kuma ƙari in ya cafe ƙafafunsa huɗu na sama. In faifai ya taɓa ƙasa babu komai. Masu farawa duk kuskure ɗaya suke yi, su zage ƙarfi su wurga nesa, faifai ya karkace ya faɗa cikin 'yan kallo, rabin minti ya tafi a banza. Jifa biyar matsakaita da aka cafe sun fi jifa biyu na nuna bajinta. Kuma daga rumfata na lura cewa a kashi mafi yawa laifin mai jifa ne, kare kam ya san aikinsa. Ɗaya nau'in shi ne na salo, da kiɗa da faya-fayai da yawa, minti ɗaya da rabi zuwa biyu, kare na tsallake ƙafar mai shi, yana taka bayansa ya tashi sama. Shi ne ke tara jama'a. A taron agaji ba a tsananta doka, za ka ga tsohon kare mai furfura a baki yana tafiya a hankali ya ɗauko faifai daga ƙasa, a tafa masa fiye da zakara.

To, kuɗin fa? A nan ne shakkarka ke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mu yi lissafin misali. A ce karnuka 60 suka shiga, kowanne fam 5, fam 300 ke nan. A ce kowane mai kare ya tara fam 50 daga maƙwabta irinka, an sami 3,000. Ƙara kuɗin kek da shayi, cire hayar fili da inshora. Adadin da ƙungiyar ta sha ambata na kare guda, daga haihuwa da horo har kula da shi tsawon rayuwarsa, wajen fam 40,000 ne. Ka ga sai an yi irin wannan taro goma ko fiye kafin a fitar da kare ɗaya. Kaso mai tsoka na kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi daga wasiyya yake fitowa, mutum ya rubuta a ba su wani abu cikin abin da ya bari, sai kuma masu biyan wani abu duk wata da sunan ɗaukar nauyin kwikwiyo. Wanda ya ce maka gasar faifai ce ke riƙe da ƙungiya, ya faɗi son ransa.

Amfanin taron na gaskiya a wani wuri yake. Kwikwiyo ba a cibiya yake girma ba. Yana da kamar mako takwas ake miƙa shi ga ɗan sa-kai, ya zauna a gidansa wata da watanni, ya koya masa zama da kwanciya, ya shiga da shi bas da jirgin ƙasa da kanti, ya sha fitsarinsa a kan kafet, sannan ranar da ya zama kare na gari ya miƙa shi ga wani yana hawaye. Ba a biyansa albashi. Irin waɗannan mutane sun fi kuɗi wuyar samu, kuma ina za ka same su in ba inda masu son karnuka suka taru ba? Wanda ya tashi da sassafe ranar hutu ya tuƙo mota don karensa ya bi roba, ai shi ake nema. A tsakiyar taro akan dakatar da gasa, a kawo kare mai falmaran, a kunna agogo a nuna yadda yake yi. Na ga mutane sun zo da faifai sun koma da fom. Tsohuwar da za ta tuna da ƙungiyar a wasiyyarta bayan shekara ashirin ma, wataƙila a irin wannan rana ta fara ganinsu.

Don kuɗinka ya isa inda aka nufa, duba takardar ka ga sunan ƙungiya da lambar rajistarta, ana iya bincika ta a shafin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, Charity Commission. In yaron ya buɗe shafi a JustGiving, dandalin intanet na tara gudunmawa, ta nan ya fi, don kuɗin kai tsaye yake wucewa. Tunda kana biyan haraji a nan, ka yi alama a akwatin Gift Aid, tsarin da gwamnati ke ƙara wa gudunmawar mai biyan haraji, ka rubuta cikakken suna da adireshin gida: fam 10 ɗinka zai zama 12 da rabi, ƙarin daga harajin da ka riga ka biya, ba daga aljihunka ba. Za ka ga rumfar tikitin sa'a a filin, wannan sai ka wuce ta, ka sayi kek.

Tunda kuna mutunci da kakarsa, ga saƙo ka kai wa yaron daga likita. In karensa bai kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kada ya sa shi tsalle, don bakin ƙasusuwansa inda suke tsiro bai gama rufewa ba. Ya gara masa faifan a ƙasa kamar yadda yara ke gara taya, ya ishe shi. In babba ne, ya yi jifa a miƙe, gaban karen, yadda zai bi shi da gudu ya dira a ƙafa huɗu. Jifan da ke cillawa sama ya dawo baya shi ke sa kare ya murɗa jiki a iska ya dira a ƙafafun baya, a nan jijiyar gwiwa ke tsinkewa, aikinta kuma tiyata ce mai tsada da jinyar watanni. Salon taka bayan mutum a tashi sama, ni dai ba na sonsa ga wanda ba gwani ba, kyan kallo ne da shi amma ƙugun kare ke biyan bashin. Kada ya yi amfani da faifan mutane na bakin teku, robarsa na da tauri, tana fashewa ta yanki dasashi ko ta karya haƙori. Akwai na karnuka mai laushi da ba ya tsagewa.

Sai zafi. Na san za ka yi dariya, wanda ya sha ranar Afrilu a Sakkwato a ce masa ana zafi a Yorkshire. Amma kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafin jiki, kuma mai son faifai ba ya sanin ya gaji. Wani Yuli na yi ta kallon wani mutum yana jefa wa ƙaton Labrador ɗinsa mai teɓa, ba hutu, wai atisaye kafin a kira su. Na je na yi masa magana, ya ce karensa ya saba. Minti goma bayan nan aka kawo min shi a hannu, harshe ya faɗaɗa ya yi duhu, ƙafafu na harɗewa. Muka yi ta kwara masa ruwan sanyi a inuwa har numfashinsa ya daidaita kafin a sa shi a mota. Ka'idar ke nan, a sanyaya tukuna, sannan a garzaya asibiti. Ya rayu, amma da ƙyar. Masu gajeren hanci irin Bulldog da Pug kuwa wannan wasa ba nasu ba ne sam.

Ba ka ambaci addini ba, amma na san yana ƙasan tambayar, don mu ba mu tashi da kare a cikin ɗaki ba. Fatawa ta malamai ce, ni abin da kowa ya sani zan tuna maka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar, hadisi kuma ya yi rangwamen riƙe kare don farauta da kiwo da gona, wato kare mai aiki. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. A nan Ingila ma, a 2008, bayan shawara tsakanin majalisar Musulmin Birtaniya da ƙungiyar karnukan makafi, malamai sun ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karensa, aka keɓe wa karen wurin jira daga bakin shiga. Fam gomanka dai ba kare za ka saya ba, wata baiwar Allah za ka taimaka wa ta yi barci.

Akwai kuma abin da ya shafi sana'arka kai tsaye, wanda ya fi fam goma nauyi. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa direban tasi, na tasha ko na kira, ɗaukar fasinja da karen taimakonsa, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ƙin ɗauka laifi ne, tara na iya kaiwa fam 1,000, ƙaramar hukuma kuma na iya karɓe lasisi. Uzuri ɗaya ne, na rashin lafiya, shi ma sai da takardar shaida daga hukumar da ta ba ka lasisi. Direbobi da yawa da karen kurma suke faɗawa wannan rami, ba da na makaho ba. Suna jiran ganin ƙaton kare da mutum mai lalube, sai ga mace tsaf da ita, tana magana rau-rau don da girmanta ta kurumce, riƙe da ɗan kare mai gashi kamar na ado. Direba ya ce ba ya ɗaukar dabba, ya ja mota, bayan mako biyu takardar sammaci ta iso. In ka ga launin zoɓon nan, buɗe ƙofa kawai. Ba kan kujera zai hau ba, an koya masa ya naɗe a ƙasa wajen ƙafafun mai shi. Kada ka shafa shi ko ka miƙa masa abinci, yana bakin aiki. In za ka yi wa fasinjar magana, ka bari sai ka tsaya, ka kunna fitilar ciki in dare ne, ka juyo ta ga bakinka, don maganar da ka yi kana kallon titi gilashi ka yi wa. Kuɗin mota kuma nuna mata a mita ko ka rubuta a waya. Ka ajiye tsohon tawul a but, ranar da aka yi ruwa ka shimfiɗa masa.